Ku Shiga Daji Ta Ƙofarsa

Ƙannena da 'ya'yana na Rafin Guza, da maƙwabtanmu na Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa, da ku nake wannan magana, musamman waɗanda sha'awar hawan dutse ta shiga ransu a 'yan shekarun nan. Ranar Asabar da sassafe akan gan ku a bakin titi, kowa da jakar goyo da gorar ruwa, kuna jiran motar da za ta kai ku gindin wani dutse. Abin yana burge ni, kuma kada ku saurari mai ce muku ɓata lokaci ne. Matashin da ya zaɓi ya sha iskar daji ya motsa jininsa maimakon ya wuni a majalisa yana latsa waya, ya zaɓi abu mai kyau. To amma yanzu maganar ta wuce hawan dutse na wuni guda. Wasunku sun fara haɗa kuɗin tanti. Suna so su ajiye mota a baya, su taka da ƙafa zuwa tsakiyar gandun daji, su yi kwana biyu ko uku inda babu gida babu shago, kamar yadda suke gani a bidiyon matasan Amurka da Kenya.

Da zarar an ce musu wannan sai da izini, amsa biyu ake ji. Wasu su ce, "Daji ai na Allah ne, wa zai hana mu?" Wasu su ce, "Kuɗi kawai suke nema." Ina so in amsa duka biyun, domin a ganina takardar izinin nan da kuke raina ita ce kaya mafi muhimmanci da za ku sa a jaka, ta fi tanti, ta fi tocila.

Daji na Allah ne, babu musu, amma Allah ya ɗora amanarsa a wuyan mutane, kuma ba a taɓa yin zamanin da dajin ƙasar Hausa ya zama na kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Masarautunmu suna da Sarkin Dawa da Sarkin Baka, kuma maharbi baƙo ba ya ɗana kibiya a dajin wani gari sai ya je ya gaishe su. Farautar gayya tana da lokacinta, bayan an kwashe amfanin gona, sai kuma an yi shela. Ruwa ma haka yake. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta har ranar da Sarkin Ruwa zai buɗe shi, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwan da duniya ke zuwa kallo a bikin da ya samo asali tun 1934. Garuruwanmu suna da hurumi da burtali da makiyaya, kowanne da iyakarsa da mai tsaronsa. Idan kuka duba addini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin raƙuman zakka, kuma duk wanda ya je Hajji ya san ba a farauta ko sare itace a haramin Makka. Saboda haka keɓe wuri a ce kada a shiga sai da izini al'adarmu ce tun kafin Bature ya zo da takarda da hatimi. Wanda ya yi tarbiyya ba ya faɗa wa gidan mutane ta katanga. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a ce masa ya shigo.

Gandun da ya fi kusa da mu shi ne na Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari. In ka bi ta Mando ka wuce Afaka da Buruku da Udawa, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka ce daga Kaduna. A 1936 hukumar En'e ta keɓe shi a matsayin gandun daji, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa, tare da na Okomu da ke jihar Edo. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse da Tsaunin Rema, kuma an san shi da giwa da gwanki da kanki da gada da mugun dawa. Yawancin 'ya'yan Kaduna ba su ma san jiharsu tana da irin wannan dukiya ba, abin da ke sosa mini rai ke nan.

Gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya shi ne na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979. A 1991 aka ƙara da na Gashaka-Gumti da na Tafkin Chadi da na Kuros Riba da na Tsohon Oyo, sannan Yankari ya biyo baya. Dokar da ke aiki a kansu yau ta 1999 ce, kuma Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta tarayya, ita ke riƙe da su, hedikwatarta na Abuja. A 2006 Yankari ya koma hannun jihar Bauchi, sai na tarayya suka zama 7. A ƙarshen 2020 gwamnati ta amince a ƙara wasu 10, ciki har da Falgore na Kano da Kogo na Katsina da dausayin Haɗeja na Jigawa. Amfanin sanin wannan shi ne ku gane ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Kamuku da Gashaka-Gumti na tarayya ne, Yankari na jiha ne, duwatsun da ke bayan ƙauyuka kuwa suna hannun dagaci da mai unguwa da hakimi. Takardar wannan ba ta aiki a wancan.

Abin da dokar ta hana a fili yake. Ba a shiga gandun ƙasa ko a kwana a cikinsa ba tare da izini ba. Ba a shiga da bindiga ko tarko ko guba. Ba a farauta, ba a kamun kifi, ba a sare itace, ba a kiwo, ba a cinna wuta, ba a ɗebo tsiro ko ƙwai ko ƙaho ko wani kayan tarihi a fito da shi. Jami'an gandun suna sa kaki, suna riƙe da makamai, kuma doka ta ba su ikon kama duk wanda suka samu ya karya waɗannan. Yaron da ya ɗauko bindigar toka ta kakansa wai don kare kai, a idon doka mafarauci ne ba bisa ƙa'ida ba, komai kyawun niyyarsa. Haka mai ɗan jirgin nan maras matuƙi da kuke ɗaukar bidiyo da shi daga sama: tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ban da na gandun kansa.

Yanzu bari in faɗa muku abin da takardar take yi muku, domin nan ne zuciyar maganata. Idan kuka rubuta wa shugaban gandu, za ku faɗi ku nawa ne, sunayenku, lambar wayar iyayenku, ta ina za ku shiga, ina za ku kwana, yaushe za ku fito. A ƙofa za a rubuta ku a rajista. Layin shiga kowa yana cika shi da murna, amma layin fita shi ne mai daraja. Idan ranar fitarku ta zo ta wuce ba a ga ƙeyarku ba, akwai mutumin da aikinsa ne ya lura, ya san hanyar da kuka bi, ya tashi mutane su bi sawu. Waɗanda suka zagaya ta bayan daji don kada su biya, babu mai neman su, domin babu wanda ya san sun shiga. In ɗayansu ya karye a ƙafa a wani kwazazzabo, ko maciji ya sare shi, wayar hannunsa ba za ta taimake shi ba, don yawancin waɗannan wurare babu sabis. Uwarsa tana Rafin Guza tana zaton yana gidan abokinsa a Zariya.

Takardar ce kuma take haɗa ku da ja-gora, kuma da ɗan gari akan ci gari. Jami'in gandu ko ɗan ƙauyen da aka haɗa ku da shi ya san rafin da ba ya ƙafewa a rani, ya san turbar da giwa ke bi zuwa ruwa da yamma, ya san kashin ɓauna na yau da na shekaranjiya. Ɓauna mai rauni ko giwa mai ɗa ba su san ɗan yawon buɗe ido ba. Zai hana ku kafa tanti a kan yashin busasshen rafi, duk da cewa nan ya fi laushin kwanciya. Mu mutanen bakin kogin Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba. Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso, kuma mun sha ganin ya cika ya shigo gidaje alhali ko ɗigo bai sauka a unguwarmu ba. Ƙoramar daji ta fi shi saurin cika, kuma cikin dare take yi. Ja-gora zai ce ku kakkaɓe takalmi kafin ku sa da safe saboda kunama, ku daina tura hannu cikin ramin dutse ko tarin busasshen itace saboda gobe-da-nisa da kasa. Idan tsautsayi ya faɗa, maganin sarar maciji yana asibiti, irin na Kaltungo a jihar Gombe da ya yi suna a kan haka. Tsaga wurin da reza ko ɗaure shi tamau da igiya ƙara ɓarna yake yi. Abin da ke ceton rai shi ne a san hanya mafi kusa zuwa mota, kuma ja-gora ne ya san ta.

Wanda yake so ya ga yadda tsarin yake aiki, ya fara da Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. A ƙofar Mainamaji ake biya a yi rajista, daga nan tafiyar kimanin kilomita 40 ce zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake da ruwan ɗumin nan da zafinsa ba ya sauyawa daga kusan digiri 31 rani da damina. Kallon namun daji a mota ake yi tare da ja-gora, kuma ba a barin baƙo ya tsallake sansani ya nausa daji shi kaɗai. Duk wanda ya je Wikki zai ba ku labarin birai masu fizge leda a hannun mutane har su buɗe ƙofar ɗaki. Baƙi ne suka koya musu, da miƙa musu biskit da ayaba don a ɗauki hoto. Dabbar da ta saba da abincin mutum takan daina tsoronsa, daga nan ta fara cizo, ƙarshenta kuma a kashe ta. Dokar da ta ce kada a ciyar da namun daji ran dabbar take karewa tare da naku.

Masu son tafiyar ƙafa ta gaske, mai kwanaki, wurinku Gashaka-Gumti ne, tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandu girma a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000. A can Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. Ofishin gandun yana Serti, kuma ta nan ake neman izini a sami jami'i da 'yan dako. Tafiya ce ta kwanaki cikin sanyi da hazo, wadda ke son shiri na watanni, da motsa jiki, da kaya masu kauri. A kan tuddan akwai rugagen Fulani da aka yarje musu zama tun kafin a kafa gandun. Ku gaishe su, ku sayi nono da kuɗinku, kada ku ɗora kyamara a kan matansu da 'ya'yansu ba tare da sun yarda ba.

Zan ɗan daɗe a kan wuta, domin ita ce laifin da mai kyakkyawar niyya ya fi saurin aikatawa. Lokacin da ya fi daɗin kwanan daji shi ne hunturu, babu ruwan sama, babu sauro sosai, hanyoyi sun bushe. Lokacin ne kuma gamba ta fi tsawon mutum ta bushe ƙayau, iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas ba ƙaƙƙautawa. Guntun sigari ɗaya, ko garwashin da aka bari ana zaton ya mutu, ya isa. Wutar daji in ta samu iska tana tsere wa mai gudu. Tana cinye 'ya'yan gada da ƙwan zabin daji da amyar zuma, tana ƙona ƙananan kaɗanya da ɗorawa da matan ƙauye za su ci moriyarsu shekaru masu zuwa, in ta fito bakin gandu kuma ta faɗa wa damman dawa da geron manomin da bai san kun zo ba. Za ku iya ganin wuraren da aka ƙona a cikin gandu ku ce ai su ma suna yi. Wannan ƙuna ce da ma'aikata ke yi da gangan a farkon rani, ciyawa na da sauran danshi, a yankin da suka zaɓa, don kada babbar gobara ta samu abin ci daga baya. Aikinsu ne, da saninsu. Ku kuwa, ku hura wuta inda aka nuna muku kawai. Ku share ƙasa sosai, ku kewaye da duwatsu, ku yi ta ƙarama, da itacen da ya faɗi da kansa. Kafin ku kwanta ko ku tashi, ku zuba ruwa, ku tona tokar, ku sake zubawa, har sai kun iya ɗora hannu ba ku ji ɗumi ba. In da hali ku tafi da ƙaramin gas na girki, ku huta da wannan duka.

Ruwa ma yana da haƙƙi. Ƙoramar da kuka samu a tsakiyar daji, akwai ƙauye a ƙasanta da ke sha daga gare ta. Kada ku yi wanki da omo a cikinta. Ku ɗebi ruwa ku matsa nesa ku yi wanka da alwala. Mai zagayawa ya yi nisa da ruwa, ya tona rami, ya rufe. Ledar ruwa da gwangwanin kifi da robar lemo, duk abin da ya shiga jakarku cike zai iya komawa cikinta babu komai. Lasifikar kiɗa kuwa ku bar ta a gida, haka fentin da ake rubuta suna da shi a jikin dutse.

Sai magana mai nauyi, wadda ba zan ɓoye muku ba. Dajin Kamuku, tare da Kuyambana da dazukan da suka haɗe da su har Neja da Katsina da Zamfara, ya shafe shekaru yana zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka, nan bayan Mando, 'yan mintuna daga Kawo. A watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, kan hanyar Birnin Gwari, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A watan Afrilu na 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan dutsen nan na Kajuru da masu yawon buɗe ido ke zuwa, suka kashe wata 'yar Ingila ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya. A ƙarshen 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya, muna kuma roƙon Allah ya ɗorar da wannan zaman lafiya. Amma buɗewar titi da kasuwa ba shaida ba ce a kan abin da ke tsakiyar daji. Masu sanin wannan su ne jami'an gandun da jami'an tsaro da masarautar Birnin Gwari. In kun tambaya aka ce ba yanzu ba, to ba yanzu ba. Kada wani aboki mai kaifin baki ya ce ya san wata ɓarauniyar hanya.

Akwai haɗari na biyu da matasa ba sa kawowa a ransu. A dajin da ake yaƙi da 'yan bindiga, samari goma da manyan jakunkuna da tanti da wuta cikin dare, me soja zai ɗauke su? Me 'yan sa-kai za su ɗauke su? Mafi sauƙi a ce masu kai wa ɓarayi abinci da man fetur ne, ko infoma. Ba mu manta da Tudun Biri ba, a ƙaramar hukumar Igabi, inda a daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi bisa kuskure, mutum aƙalla 85 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗannan bayin Allah a cikin ƙauyensu suke, a kan ibadarsu. Ina ga baƙin da suka kafa sansani inda babu hukumar da ta san da su? A Falgore ma sojoji sun mai da wani yanki filin atisaye. Takardar izini da jami'i mai kaki a tare da ku su ne ke raba ku da wanda ake nema.

Duk da haka ba na so ku ɗauki takarda a matsayin laya. A watan Agusta na 2020, a Kure ta Jamhuriyar Nijar, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai, 'yan bindiga sun kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da ja-goransu. Sun bi ƙa'ida, suna tare da ɗan gari, abin ya same su. Izini yana rage haɗari ne, sauran kuma hankalinku ne. Ku tambayi halin da hanya take ciki a makon da za ku tafi, labarin watan jiya bai isa ba. Kada ku yi tafiyar dare. Kada ku sanar a Facebook ko TikTok ranar da za ku tafi da wurin da za ku kwana, kada ku yi bidiyon kai-tsaye daga sansani. Hotunan ba za su ruɓe ba, ku ɗora su bayan kun dawo gida.

Akwai izinin da ya riga na hukuma, wato na iyaye. Na san wasunku suna cewa za su biki ne ko ziyarar makaranta, saboda sun san in sun faɗi gaskiya za a hana su. Wannan ƙarya tana iya zama sanadin da za a ɓata kwana biyu ana nemanku inda ba ku je ba. Ku zauna da Baba da Mama, ku nuna musu takardar, ku ba su lambar ofishin gandun da sunan jami'in da zai raka ku. Iyaye da yawa tsoron abin da ba su sani ba ne yake sa su ce a'a. In sun gani sun ƙi, ku haƙura, dutsen yana nan ba zai gudu ba. 'Yan mata kuma, ban ce wannan sha'awa ta maza ce kaɗai ba. Ku tafi da yardar gida, da muharrami ko babbar mace da aka amince da ita, da tantinku daban, kuma ku tambayi tsarin kwana tun kafin ku biya ko sisi.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin nan da ke tara kuɗi a WhatsApp kuna shirya tafiya, ku ji tsoron Allah. Wanda ya karɓi kuɗin mutum 30 ya ce zai kai su daji ya dawo da su, ya ɗauki amanar rai 30. Kada ku cire kuɗin izini da na ja-gora daga lissafi don tikiti ya yi araha ko riba ta ƙaru. Ku san mai asma da mai sikila da mai ciwon suga a cikin tawagarku. Ku ƙirga mutane a kowane zango. Ku sa mai ƙarfi a baya, kada a bar mai rauni ya zama na ƙarshe. Ku tafi da akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya aiki da shi. In mutum ɗaya ya gaza, tafiyar ta kowa ta tsaya.

Game da masu cewa kuɗi kawai ake nema, e, ana neman kuɗi, kuma ya kamata a nema. Sintiri yana cin mai da takalmi da abinci. Masu saran madobiya suna lodawa zuwa ƙasashen waje, da masu gawayi, da masu farautar hauren giwa, ba sa hutawa, kuma jami'an gandu da dama sun rasa rayukansu a hannunsu. A Ruwanda baƙo daga waje yana biyan dala 1,500 don ya yi awa ɗaya yana kallon gwaggon biri, kuma ana ware wani kaso na kuɗin ga ƙauyukan da ke kewaye da gandun. A Tanzaniya ba a hawa Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, sai da ja-gora mai lasisi. A Amurka, inda aka kafa gandun ƙasa na farko a Yellowstone a 1872, mai son kwana a cikin daji nesa da titi sai ya karɓi izini, a faɗa masa sansanin da zai kwana da yawan mutanen da aka yarda. Bidiyon da kuke kallo kuna sha'awa, akwai takarda a aljihun mai shi, bai nuna muku ita ba ne kawai. Abin da ake karɓa a wurin ɗan ƙasa a gandunanmu bai kama ƙafar waɗannan ba. Sharaɗina ɗaya ne: ku biya a inda aka ce a biya, ku karɓi rasit. In wani ya ce ku ba shi rabi a hannu ya bar ku ku wuce ba tare da rubutu ba, ku ƙi. Ya cuci gandun, ku kuma ya cuce ku fiye da haka, domin sunanku bai shiga rajista ba. Kowane rasit kuma shaida ce ga gwamnati cewa 'yan ƙasa suna son wurin, kuma gandun da babu mai zuwa shi ne ake fara mantawa da shi a kasafin kuɗi.

Ba sai kun fara da kwanan daji ba. Ga dutsen Kufena a Zariya, ga Dala da Gwauron Dutse a Kano, ga magangarar Matsirga kusa da Kafanchan, ga tsaunin Kagoro. Ku je da safe ku dawo kafin magariba, ku koyi yawan ruwan da jikinku ke buƙata da nauyin da bayanku zai iya ɗauka. Ko a waɗannan, ku fara zuwa ƙofar mai unguwa ko dagaci ku gabatar da kanku, ku nemi yaron gari ya raka ku, ku sallame shi da abin kirki. Wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen garin ke girmamawa, ko maƙabarta, ko gonaki, kuma ba a rubuta wannan a allo ba, sai an tambaya.

Burina shi ne in ga ranar da makarantun Kaduna za su riƙa cika motoci da ɗalibai zuwa Dogon Ruwa, ɗan Rafin Guza ya kwana a gindin Goron Dutse da izini a aljihunsa, uwarsa kuma ta yi barci da kwanciyar hankali. Wasu daga cikinku ma su karanci aikin gandun daji a Afaka ko a jami'a, su sa kakin, su zama masu tsaron wurin. Kafin wannan rana, ina roƙonku don Allah, duk wanda ya yi niyyar kwanan daji ya fara da rubuta wasiƙa zuwa ofishin gandun, ya jira amsa, ya nuna wa iyayensa, sannan ya je kasuwa neman tanti.